Westminster Abbey ko St Paul's: wacce za a shiga idan safiya ɗaya ce?

Malam, ka ce za ku je hutu Landan kai da Hajiya mahaifiyarka da yara biyu, safiya ɗaya kuka ware wa ganin babbar majami'a, ga shi gwiwa na damun Hajiya, kana tambaya tsakanin waɗannan biyun wacce ta fi. Ni dai St Paul's zan ce muku, amma bari in jera su ka gani.

Westminster Abbey ita ce ta tarihi. Tun 1066 a nan ake naɗa sarakunan Ingila, har zuwa naɗin Sarki Charles a watan Mayun 2023. Ginin da ke tsaye yanzu Sarki Henry na Uku ne ya fara shi a 1245. Sama da mutum 3,000 aka binne a ciki, shi ya sa mai ziyara rabin tafiyarsa kansa a ƙasa yake, yana karanta sunayen da ke ƙarƙashin takalminsa. Ga Isaac Newton, ga Charles Darwin, ga tokar Stephen Hawking da aka ajiye kusa da su a 2018. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya da yayarta Mary, waɗanda ba su jitu ba a raye, kabari ɗaya suke kwance. Kabari guda ne ba a takawa, na sojan da ba a san sunansa ba da aka kawo daga Faransa a 1920, an kewaye shi da jajayen furanni. Kujerar naɗin sarauta kuwa ta haura shekara 700, kuma in ka dube ta da kyau za ka ga sunayen da 'yan makaranta suka sassaƙa a jikinta tuntuni.

Matsalar ita ce cunkoso. Hanya ɗaya ake bi, lungu-lungu, daɓen ya tsufa bai daidaita ba, ga 'yan matakalai nan da can. Yaron da bai san su wane ne waɗannan sarakuna ba, kafin a yi nisa zai fara tambayar yaushe za a fita, Hajiya kuma tsayuwa za ta yi ta yi.

St Paul's kuwa fili gare ta da haske. Christopher Wren ya zana ta bayan gobarar 1666 ta cinye tsohuwar, aka fara gini a 1675, aka kammala a 1710. Tsayinta har ƙololuwa mita 111 ne. A nan aka ɗaura auren Charles da Diana a 1981, a nan kuma aka yi jana'izar Churchill a 1965. Daɓenta shimfiɗe yake, ga kujeru jere a ƙarƙashin ƙubbar, Hajiya ta zauna ta ɗaga kai ta more kallo, kai kuma ka hau da yara.

Hawan nan shi ne abin da ɗayar ba ta da shi. Matakala 257 za su kai ku barandar cikin ƙubba, inda in mutum ya yi raɗa a jikin bango, wanda ke can ɗaya gefen zai iya ji, muddin babu hayaniya sosai. A matakala ta 376 kun fito waje. Daga nan zuwa na 528 matakalar ƙarfe ce mai murɗewa, matsattsiya, mai jin jiri ya haƙura da ita. Wanda ya kai sama zai ga kogin Thames da birnin duka a shimfiɗe. In kun sauko, ku leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda kaburburan jaruman yaƙin Birtaniya, Nelson da Wellington, da shi kansa Wren suke.

Kar ka ce an bar Westminster ke nan. Tana daf da majalisar dokoki da agogon Big Ben, inda dama za ku je ɗaukar hoto. Ku tsaya a ƙofar yamma, kyauta, ku dubi mutum-mutumi goma da aka kafa a 1998. Akwai Martin Luther King a ciki, da Akbishop Janani Luwum na Yuganda, wanda aka kashe a zamanin Idi Amin.

Dukansu biyu ana biyan kuɗin shiga, kuma gara a sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar. Ranar Lahadi ba a yawon kallo, ta ibada ce. Ba a tambayar addinin mai shiga, sai dai a rage murya. In kuma ka canza ra'ayi ka zaɓi Westminster, ka faɗa wa direban tasi Abbey kake nufi, don akwai wata Westminster Cathedral ta 'yan Katolika, mai jan bulo, kusa da tashar Victoria.