Zagayen Malesiya da Hajiya: abin da bas, jirgin ƙasa da jirgin sama suka yi mana

Da ni kaɗai ne, ko a bayan a-kori-kura aka ɗora ni zan zaga Malesiya ban ce uffan ba. Sai dai mu huɗu ne: ni, uwargida, ƙanina da muka je bikin kammala karatunsa a Kuala Lumpur, da kuma Hajiyarmu, wadda ta haura shekara 65, ga ciwon gwiwa, ga maganin hawan jini da ke sa ta neman bayi a kai a kai. Don haka duk abin hawan da na auna a tafiyar nan da ita na auna shi. Za ta samu ta miƙe ƙafa? Akwai bayi kusa? In lokacin salla ya yi, ina za ta sa goshi? Kwana 9 muka yi muna yawo tsakanin Malaka, Ipoh, tsaunukan Cameron da tsibirin Pinang, kuma kusan babu irin abin hawan da ba mu shiga ba.

Na je da tunanin wanda ya sha zafin Afrilu a Kano babu zafin da zai ba shi tsoro. Ashe nasu daban ne. Namu busasshe ne, ka samu inuwa ka huta. Nasu jiƙaƙƙe ne, iskar kanta nauyi gare ta, ka ja akwati na minti 5 rigarka ta manne maka a baya. Da la'asar kuma sai hadari ya haɗu, a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rana biyu kawai na yi na gane cewa wahalar tafiya a irin wannan ƙasa tana tsakanin ƙofar mota da ƙofar tasha, wato 'yar tazarar da za ka taka da kaya a hannu da tsohuwa a gefe.

Malaka muka fara zuwa, a bas, domin jirgin ƙasa ba ya shiga garin. Tashar da ta fi kusa tana wajen Tampin, kusan kilomita 40 daga cikin gari, ka sauka kuma ka sake neman mota. Babbar tashar bas ta kudancin Kuala Lumpur, wadda ake kira TBS, ta ba ni mamaki. Sai ka rantse filin jirgi ne: allon lokuta, ƙofofi masu lamba, wurin zama mai sanyi, ba ɗan kamasho ko ɗaya da zai fizgi jakarka. Bas ɗin ma ba laifi. Kujeru uku ne a layi, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, masu faɗi, suna kwantawa har da abin ɗora ƙafa. Zuwa, awa 2 muka yi, lafiya lau.

A dawowa ne aka yi ta. Ranar Lahadi ce da yamma, kowa na komawa birni, hanya ta cushe, ruwa na zuba. Motar da muka samu ta wani kamfani ce daban, direban ya ƙure sanyi ya bar shi a haka. Hajiya ta lulluɓa da mayafinta, ta ƙara da na uwargida, can ta leƙo ta ce, “Kai wannan,” don ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, “je ka tambaye shi, gawa ya ɗauko ne?” Aka yi dariya, amma da muka shiga awa ta uku dariya ta ƙare, domin motar ba bayi, kuma tafiyar gajera ce a lissafinsu, ba a tsara tsayawa ba. Ƙanina ne ya je gaba da ɗan yaren Malay da ya tsinta, ya yi ta lallashi har direban ya ratse wurin hutawa na gefen babbar hanya. Su kam waɗannan wuraren hutawa sun cancanci yabo: bayi tsaf da ruwa, rumfunan abinci, da ƙaramin masallaci da suke kira surau. Wanda zai ɗauki hayar mota da direbansa zai more su. Wanda ke bas kuwa sai yadda direba ya ga dama.

Daga nan na ce mun gama da doguwar bas, muka koma jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da suke kira ETS, na kamfanin KTM, wanda ya fara jigila tsakanin Kuala Lumpur da Ipoh a 2010. A manhajarsu ta waya na sayi tikiti. Ana sa suna da lambar fasfo, ka zaɓi kujerarka da kanka a hoton tarago, a turo maka tikitin a waya. Ƙanina ya ja min kunne tun da wuri: “Yaya, kada ka bari sai ranar. Ƙarshen mako da lokacin hutu kujeru ƙarewa suke.” Na bi shawararsa, na saya da kwana 4 a gaba. Inda na yi wauta shi ne wurin zaɓen kujera. Wasu suna kallon gaba, wasu suna kallon baya, ni kuma ban duba ba, na zaunar da uwargida tana tafiya da ƙeya har Ipoh. Ba ta bar maganar ba har yau.

Jiragen suna da rukuni-rukuni, irin su Silver, Gold da Platinum, kuma babban bambancinsu yawan tashoshin da suke tsayawa ne. Mai tsayawa kaɗan ya fi tsada, ya fi saurin isa. Mu na tsakiya muka shiga daga tashar KL Sentral, muka yi kamar awa 2 da rabi. Yana kaiwa gudun kilomita 140 a awa, amma kofin shayin da na ajiye a ɗan teburin gabana bai fantsala ba. Kujerar ba ta kai ta bas kwanciya ba, wannan gaskiya ne. To amma me Hajiya za ta yi da kujera mai kwanciya in an ɗaure ta a ciki? A nan duk bayan rabin awa sai ta miƙe, ta dafa kujeru ta taka zuwa ƙarshen tarago ta dawo, gwiwa ta saki. Bayi yana nan taku kaɗan. Akwai wurin ajiye manyan akwatuna kusa da ƙofa, akwai wurin cajin waya, akwai taragon da ake sayar da shinkafa da shayi. Shi ma akwai sanyi, sai dai mun riga mun koyi darasi, kowa da rigar sanyinsa a jakar hannu.

Abin da ya sace zuciyar Hajiya shi ne ɗakin salla. Ɗan ƙarami ne a cikin jirgin, mutum biyu sun cika shi, amma ɗaki ne na salla, ba lungu ba. Ta haɗa azahar da la'asar a ciki, ta fito fuskarta a sake. A nan ma muka sake tafka muhawarar da muka faro tun a masauki. A Malesiya alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, shi ya sa za ka ga kibiya a silin ɗakin otal tana nuna ta. Hajiya kuwa duk rayuwarta in an ce a fuskanci gabas, salla ake nufi. “Yanzu ku ce min yamma zan kalla?” Sai da ƙanina ya buɗe taswira ya nuna mata cewa mun wuce Makka, mun baro ta a baya, sannan ta yarda, tana ta salati.

Tashar Ipoh tsohon gini ne fari tun zamanin Turawan Ingila, an kammala shi a 1917, garin kuma duwatsun farar ƙasa ne suka kewaye shi. Daga nan zuwa tsaunukan Cameron babu dogo. Na ɗauki hayar mota da direba, kuma ban yi da-na-sanin kuɗin ba. Hanyar hawa ce zalla, kwana kan kwana, har ka kai tsayin kusan mita 1,500 inda gonakin shayi suke. Uwargida jiri ya kama ta tun ba a yi nisa ba. Sau 3 muka tsaya ta sha iska ta tsotsi lemo. Da a bas ne, sai dai leda. Na so in karɓi mota in tuƙa da kaina, na tuna su a hagu suke tuƙi, na haƙura.

Tafiyar da ta fi min daɗi duka ita ce daga Ipoh zuwa Butterworth, garin da ake tsallakawa tsibirin Pinang daga shi, a ETS ɗin dai, ba ta kai awa 2 ba. Gonakin kwakwar manja iya ganinka, sai jirgi ya shige ramin dutse, duhu ya rufe, ya fito. Bayan Taiping kuma sai ya hau wata doguwar gada a kan tafkin Bukit Merah, ruwa hagu ruwa dama, kamar a kan ruwan yake gudu. Hajiya ta ajiye carbi tana kallo. A Butterworth tashar jirgin ƙasa a haɗe take da ta jirgin fito, ana bi ta hanya mai rufi. Akwai ɗan taku, mun yi shi a hankali muna hutawa, amma rana ba ta taɓa mu ba. Tsallakawa zuwa George Town, babban birnin Pinang, minti 10 ne da ɗoriya, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. A cikin gari kuwa tasin manhajar Grab muka yi ta kira a waya, ka ga farashi kafin ka shiga, ba ciniki, ba musu.

Kuskurena mafi tsada na ajiye shi a ƙarshe. Na ga jirgin sama daga Pinang zuwa Kuala Lumpur awa 1 ne, jirgin ƙasa kuwa ya haura awa 4, ga tikitin saman da arha, sai na ce bari in hutar da Hajiya. Ban lissafa cewa filin jirgin yana Bayan Lepas, can kudancin tsibirin ba. Ban lissafa zuwa da wuri ba, da layin awon kaya, da kuɗin da kamfanin ya caje mu kan akwatunan da suka cika da tsaraba, wanda ya cinye arhar gaba ɗaya. Jirgin ya yi jinkirin fiye da awa 1 saboda hadari. Muka sauka a Sepang, inda filin jirgin Kuala Lumpur yake, sama da kilomita 50 daga tsakiyar birni, muka yi doguwar tafiya a ƙasa kafin mu kai wurin ɗaukar kaya, gwiwar Hajiya ta kumbura. Daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki na duba agogo: awa 6 saura kaɗan. Da a ce daga nan za mu zarce gida kai-tsaye, da hawan saman ya yi ma'ana. Mu kuwa sauran kwana 2 muke da su a birni.

Da daddare uwargida na shafa mata man zafi, na shigo gaishe ta. Ba ta ɗago ba ta ce, “Kai wannan, shi mai masallacin nan ba ya dawowa ta nan ne?”

Na ce, “Yana dawowa, Hajiya.”

Ta ce, “To.” Ta miƙa ɗaya ƙafar.