Sharhi kan kwas ɗin sanin aikin Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Garki, Abuja

Wata ƙaramar cibiyar horarwa a unguwar Garki tana shirya kwas na ƙarshen mako, cikin harshen Hausa, kan tsarin Majalisar Dokoki ta Ƙasa da hanyar da ƙudiri yake bi kafin ya zama doka. Na halarci zagayen da aka kammala kwanan nan tare da matasan 'yan jarida, da malaman makaranta, da wasu shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Kwas ɗin ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, duk da cewa ya bar babban giɓi a kan kasafin kuɗi.

Malamin bai ɓata lokaci kan tsarin majalisar ba, kuma ya yi daidai. Majalisar Dattawa tana da sanatoci 109, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36 da ɗaya daga Babban Birnin Tarayya, yayin da Majalisar Wakilai take da kujeru 360 da aka raba bisa yawan jama'a. Ya nuna hikimar wannan rabo da misali guda: Kano tana da wakilai 24, Bayelsa tana da 5, amma a zauren dattawa ƙarfinsu ɗaya. Sannan ya tunatar da mu mazauna Abuja abin da muke yawan mantawa, cewa ba mu da majalisar jiha, saboda haka wannan majalisa ce take yi wa birnin dokokinsa, alhali sanata ɗaya da wakilai biyu kaɗai muke da su a cikinta.

Inda kwas ɗin ya fi armashi shi ne tafiyar ƙudiri. Karatu na farko gabatarwa ce kawai, ana ambaton sunan ƙudirin ba tare da muhawara ba. A karatu na biyu ake tafka muhawara kan manufarsa gaba ɗaya, daga nan a miƙa shi ga kwamiti, wanda zai iya kiran zaman sauraron ra'ayoyin jama'a, ya dawo da rahoto, a bi ƙudirin sashe bayan sashe, sannan a yi karatu na uku. Duk wannan a zaure ɗaya ne, kuma tilas ɗayan zauren ma ya amince. Malamin ya nanata cewa idan aka ji a labarai wani ƙudiri ya tsallake karatu na biyu, to tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙudirori da yawa a hannun kwamiti suke kwana har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya cika, su faɗi, sai an sake gabatar da su daga farko. Haka kuma matsayar da zaure yake cimmawa bayan wani ɗan majalisa ya tayar da batun gaggawa, kamar kiran gwamnati ta gyara wata hanya, ba doka ba ce. Na ga mutane da dama a ajin sun ɗaga kai da jin wannan, kuma a ganina wannan bayani kaɗai zai rage yawan labaran da ake yaɗawa a WhatsApp cewa an riga an kafa dokar da ko kwamiti ba ta fita ba.

An kawo misalin dokar masana'antar man fetur ta 2021 don nuna abin da ke faruwa idan zaurukan biyu suka saɓa. Majalisar Dattawa ta amince a ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da kamfanonin mai suke kashewa kan ayyukansu a shekara ga al'ummomin da ake haƙar mai a yankunansu, Majalisar Wakilai ta ce kashi 5, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa don daidaita rubutun biyu, ya tsaya a kan kashi 3, kuma a haka Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a watan Agusta na shekarar. Bayan wannan aka raba mu gida biyu, dattawa da wakilai, aka ba mu ƙagaggen ƙudiri kan harajin kasuwanni, muka yi ta ja-in-ja kan sakin layi ɗaya har lokaci ya ƙure. Wannan atisaye ya fi kowace lacca koya mini dalilin da ya sa ake jinkiri, da kuma dalilin da ya sa jinkirin yake da amfani a wasu lokuta.

Game da sa hannun shugaban ƙasa, bayanin ya tsaya kan sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999: yana da kwana 30 ya amince ko ya ƙi, kuma idan ya ƙi, kowane zaure zai iya sake zartar da ƙudirin da rinjayen kashi biyu bisa uku, ya zama doka ba da hannunsa ba. Hakan ya faru a shekarar 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Abin da aka fi gani shi ne sasantawa, kamar yadda aka yi da dokar zaɓe, wadda Buhari ya mayar a Disambar 2021 saboda tilasta wa jam'iyyu zaɓen fidda gwani na 'yar tinƙe, majalisa ta gyara, ya sa hannu a Fabrairun 2022.

Cibiyar ta kuma shirya mana ziyarar kallon zaman majalisa a wata ranar aiki. Ganin an shigo da sandar majalisa, da jin yadda ake yanke hukunci ta ƙuri'ar murya, ya sa darasin ya zauna a kai, ko da yake jagoran da cibiyar ta haɗa mu da shi bai yi mana bayanin takardar jadawalin zaman ranar ba kafin mu shiga, sai muka ɗauki lokaci muna laluben abin da ake tattaunawa.

Babban ƙorafina shi ne kasafin kuɗi, wanda aka tsakura a 'yan mintunan ƙarshe. Wannan ita ce dokar da ta fi shafar asibiti da makaranta da titin kowa, kuma tana da ƙa'idarta ta daban a sashe na 59: idan zaurukan suka kasa daidaitawa, kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa ne zai zauna, idan shi ma ya gaza a kai batun zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu, inda wakilai 360 suka rinjayi sanatoci 109 da yawa. Ba a taɓo wannan ba sam, haka ma zaman kare kasafi da ma'aikatu suke yi a gaban kwamitoci. Gyaran kundin tsarin mulki, wanda yake buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 a ƙalla, shi ma a gurguje aka wuce shi.

Takardun da aka raba da Turanci suke, alhali darasin da Hausa aka yi, kuma wasu daga cikin 'yan kasuwar da suka halarta sun ninke su sun sa a aljihu ba tare da sun duba ba. Wannan ya dame ni ƙwarai, musamman ganin sashe na 55 na kundin da kansa ya tanadi a gudanar da harkokin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya dace. Ɗakin kuma ya yi wa mahalarta kaɗan, fanka ba ta wadatar ba.

Ɗan jarida mai tasowa, ko shugaban ƙungiyar da yake son kai ra'ayin mutanensa gaban kwamiti, zai amfana sosai, domin an koyar da yadda ake rubuta takardar ra'ayi, da yadda ake miƙa ta ga akawun kwamiti kafin ranar zaman sauraro. Wanda ya riga ya karanci shari'a ko kimiyyar siyasa ba zai samu sabon abu mai yawa ba in ban da atisayen. Mai niyyar yin rajista ya tambayi masu shiryawa tun farko ko sun ƙara zama na musamman kan kasafin kuɗi, kuma ya tafi da kwafin kundin tsarin mulki nasa, domin ba sa bayarwa.