Sharhi kan gyaran da aka yi wa jitata ta lantarki

Wata uku ke nan da na karɓo jitata daga hannun wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa a Jos, kuma na kaɗa ta a bukukuwa da dama tun daga lokacin, don haka yanzu zan iya magana kan aikinsa ba tare da ɗokin sabon abu ba.

Jitar ta hannu ce, mai siffar Stratocaster, ƙirar da kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, ko da yake tawa kwaikwayo ce kawai. Tana da na'urorin ɗaukar sauti guda uku, waɗanda makaɗa ke kira fikof, kowannensu maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Biyu masu naɗi ɗaya ne, wato dunƙulen waya ɗaya, na gindin jitar kuwa mai naɗi biyu ne, wato hambaka mai kashe gunjin lantarki, irin wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jita a 1957. Damuwata ita ce fikof na kusa da wuyan jitar yana danne sauran da ƙara, na gindi kuma muryarsa a dushe take kamar mai magana a cikin tulu, sannan da zarar na rage ƙara sai ɗan zaƙin da ya rage ya ɓace.

Na je ne da niyyar sayen sababbin fikof. Ya kaɗa jitar na ɗan lokaci, ya karkata kunne, sannan ya ce, "Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna." Ya danne tsirkiya a kan ƙarfen ƙarshe na wuya, ya sa ƙaramar rula ya nuna mini cewa fikof na wuya ya kusa taɓa ta. A cewarsa, maganaɗisun da ya matso haka yana jan tsirkiya ya hana ta kaɗawa yadda ya kamata, shi ya sa manyan tsirkiyoyi suke rawar murya, har mutum ya zaci bai ɗaure su daidai ba. Da sukundireba kaɗai ya sauke shi zuwa kimanin milimita 2.4 a ɓangaren manyan tsirkiyoyi da milimita 2 a ɓangaren ƙanana, ya ɗaga na gindi kaɗan, yana juya rabin zagaye yana saurare, har ƙarar ukun ta zo ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne rular mafari ce kawai a wurinsa, kunne ne ya yanke hukunci. Wannan aikin na 'yan mintoci, a ganina, shi ya kawo fiye da rabin sauyin da nake ji a yau.

Sauran aikin na ciki ne. Majuyin ƙarar da ya tarar mai kilo-om 250 ne (kilo-om ma'aunin turjiya ga wutar lantarki ne), wanda ya dace da fikof mai naɗi ɗaya amma yake dusashe hambaka, sai ya musanya shi da mai 500. Nan take na gindi ya washe, amma sauran biyun suka koma tsini har suna sukar kunne, abin da ban ɓoye masa ba. Maganin da ya yi shi ne ɗaura ƙaramin rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki, mai kilo-om 470 a kan makunnin zaɓin fikof, ta yadda biyun nan za su riƙa ganin kusan 250 kamar da, hambaka kuma ya ci gaba da ganin 500. Ya sauya kafasita, wato ɗan abin da ke tace tsinin sauti, daga mai maikrofarad 0.047 zuwa mai 0.022, wanda amfaninsa ba ya fitowa sosai sai an juya majuyin laushi ƙasa. Ya kuma haɗa wani ɗan kafasita mai 0.001 a kan majuyin ƙara, kuma shi ne ya sa yanzu nake iya rage ƙara lokacin da mawaƙi ya karɓa ba tare da sautin ya toshe ba. Duk kayan nan kuɗinsu bai kai na fikof ɗaya ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Ya yi mini alkawarin mako guda, sai da aka shiga na uku, kuma na tarar da ɗan tabon ƙuna a gefen farantin roba inda ƙarfen narka dalma ya taɓa. Da na nuna masa na ce, "Baba, wannan fa?" bai musa ba, ya rage mini wani abu a kuɗin aiki.

Batun gunji ne bai ƙare ba. Ya lulluɓe ramin cikin jitar da tef na tagulla, ya haɗa shi da wayar ƙasa, ƙarar tsss ɗin nan ta ragu sosai, amma gunjin da fikof mai naɗi ɗaya yake kwasowa daga wutar lantarki yana nan, musamman idan janareta ne ke ba mu wuta a filin biki. Ya faɗa mini tun farko cewa tagulla ba ta kashe shi. A irin wannan wuri nakan koma kan hambaka, ko in juya jikina a hankali har in sami kusurwar da gunjin ya fi lafawa, in tsaya a nan.