Neman asalin 'yar baƙin Denmark a Amurka: wane shafi ya cancanci kuɗinka?

A ce mace ce da aka haifa a Racine ta jihar Wisconsin wajen 1900, iyayenta 'yan ci-rani daga Denmark. Mai neman asalinta abu ɗaya yake farauta: sunan gundumar cocin da aka yi wa iyayen baftisma. Kafin a samo shi, biyan kuɗi don takardun Denmark asara ce.

Matsalar tana wurin suna. A karkarar Denmark ta da, ɗan Jens shi ne Jensen, 'yarsa kuma Jensdatter, kamar yadda yaro a wurinmu ke ɗaukar sunan ubansa. Dokokin 1828 da 1856 sun nemi sunan iyali ya tsaya wuri guda, amma Jensen da Nielsen da Hansen sun riga sun cika ƙasa. Ka ga "Jens Hansen, Denmark" a takarda, ba ka ga kowa ba.

Shi ya sa ake farawa daga Amurka, kuma shafin binciken asali na FamilySearch kyauta ne. A shafin, ƙidayar jama'ar Amurka ta 1900 zuwa 1930 tana nuna shekarar shigowa ƙasar (ta 1890 kam gobara ta cinye mafi yawanta a 1921). Kada ka sha wahalar neman takardar zama ɗan ƙasa ta uwar: kafin 1922 matar aure ta mijinta take bi, don haka ta uban za ka nema.

Daga nan sai ma'ajiyar takardun ƙaura da ke birnin Aalborg na Denmark. Tana da rajistar 'yan sandan Kwapanhagan, babban birnin ƙasar, waɗanda daga 1868 suka riƙa rubuta wanda ya sayi tikitin ƙaura daga dillali, da shekarunsa, da sana'arsa, da inda ya zauna a ƙarshe. Wannan ma ba a biyan ko sisi. Haka shafin Arkivalieronline na hukumar adana tarihin Denmark, mai hotunan littattafan coci, da na ƙidayar da ta fara daga 1787. Sai dai rubutun hannu ne irin na Gotik, mai wahalar da ido, shafi-shafi ake bi.

To ina amfanin masu karɓar kuɗi? Shafin Ancestry ya fi dacewa idan iyayen daga kudancin yankin Jutland na Denmark suke, wanda ke hannun Jamusawa daga 1864 zuwa 1920. Mutanen can da yawa ta tashar jiragen ruwa ta Hamburg a Jamus suka fita, kuma jerin fasinjojin tashar na 1850 zuwa 1934 yana wurinsa. MyHeritage kuwa ya jera sunayen da ke cikin ƙidaya da littattafan cocin Denmark yadda za a iya lalubo su da rubuta suna, ya rage maka karatun Gotik. Ni da zan biya, wata ɗaya zan saya bayan na kama sunan gundumar, in kashe sabuntawa ta atomatik nan take.

Gwajin DNA a bar shi ƙarshe. Da ƙyar yake raba ɗan Denmark da ɗan Norway ko na arewacin Jamus. Amfaninsa kawai ya haɗa ka da dangi masu tsofaffin wasiƙu a akwati.