Barolo Cannubi 2017 da Barolo Vignarionda 2016: wanne za a buɗe yau?

Ɗan'uwanmu da ke aikin hidima a wani gidan abinci a birnin Torino na ƙasar Italiya ya yi tambaya: a takardar giyarsu akwai Barolo, wato wata jar giyar inabi ta Italiya, iri biyu, Cannubi na 2017 da Vignarionda na 2016, baƙi kan ce ya zaɓa musu, shi kuwa bai ga bambanci ba tunda duk Barolo aka rubuta. Hukuncin giya a addini sananne ne, kuma ba shi ka tambaya ba, ɗan'uwa, don haka bari mu tsaya kan kwalaben.

Ta fuskar doka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ba a kiran giya Barolo sai da inabin Nebbiolo zalla aka yi ta, a cikin garuruwa 11 da ke tuddan Langhe kusa da garin Alba. Dole ta kwana wata 38, ana ƙirgawa daga 1 ga Nuwamban shekarar girbi, 18 daga ciki a gangar katako. In an rubuta Riserva, wata 62 ne. Shekarar da ke jikin kwalba ta girbin inabi ce, ba ta ɗura giyar ba. Kalmar da ke bin Barolo kuwa sunan filin da aka noma inabin ne. A 2010 aka shata iyakokin waɗannan filaye a hukumance. Kada ka ɗauki sunan a matsayin daraja, adireshi ne kawai. Gidan Bartolo Mascarello, ɗaya daga masu yin Barolo, yana haɗa inabin gonaki daban-daban a kwalba guda, ba sunan fili a jiki, kuma tsadarsa ta wuce ta da yawa daga masu suna.

Cannubi doguwar tudu ce a bakin garin Barolo kansa, tana kallon kudu maso gabas. Ƙasarta laka ce mai farar ƙasa, gauraye da yashi, kuma yashin nan shi ke sa giyar ta yi laushi da ƙamshi tun tana sabuwa: furen wardi, jan 'ya'yan itace. Akwai kwalba mai ɗauke da sunan Cannubi tun 1752. Sai dai a lura, ainihin filin bai wuce hekta 15 ba, amma hukuncin kotu na 2013 ya ba maƙwabtan filaye irin su Boschis da San Lorenzo damar amfani da sunan, ya koma wajen hekta 34. Saboda haka duba sunan gidan da ya yi ta kafin ka yabe ta a gaban baƙo.

Vignarionda tana garin Serralunga d'Alba, ta gabas. Ƙasar can ta fi tsufa, fara ce, tauri gare ta, ba ta da ƙarfin ciyar da kurangar inabi sosai. 'Ya'yan kan fito ƙanana, giyar kuma ta zo da bauri mai yawa, irin wanda ke kame dasashi kamar an tauna ɗanyen goro. Sinadarin da ke kawo shi dangin wanda ke cikin bagaruwar majema ne. Wannan baurin da tsami su ke riƙe giyar shekara ashirin ko fiye, amma kafin ya lafa sai an yi haƙuri.

To ga shekarun. Nebbiolo yana rigan sauran inabi tohowa, kuma shi ne na ƙarshe wajen nuna, shi ya sa yanayi ke taɓa shi ta kowane ɓangare. A 2016 lokacin ya yi tsawo ba tare da zafi mai tsanani ba, dare da sanyi, aka yi girbi a natse har tsakiyar Oktoba. Zaƙi da tsami da bauri suka nuna tare, ana kuma lissafa ta cikin shekaru mafi kyau na baya-bayan nan. 2017 kuwa sanyin Afrilu ya ƙona toho a gonakin kwari, sannan zafi da fari suka biyo baya, aka soma girbi tun a watan Satumba, amfanin kuma ya ragu. Giyarta ta fi saurin buɗewa, 'ya'yan itacen cikinta sun fi nuna, amma a gidan da bai kula ba za ka ji bauri busasshe, domin zaƙi ya riga ƙwayar inabin nuna. Ƙasa mai yashi ma ta fi jin fari.

Idan baƙo yau zai sha da abincinsa, musamman tajarin, siririyar taliyar ƙwai ta yankin, ko naman da ba shi da nauyi, ka ba shi Cannubi 2017. Vignarionda 2016 ƙasa mai tauri ce ta haɗu da shekara mai ƙarko. Ita ce mafi girma a cikin biyun, amma har yanzu a ɗaure take. In ya nace, ka juye ta a tulun gilashi awa ɗaya zuwa biyu kafin a ci, a haɗa ta da naman sa da aka daɗe ana dafawa ko tsohon cuku, domin maiƙo yana kashe bauri.

Wajen zubawa, sanyin giyar ya zama digiri 16 zuwa 18. In ta ɗumama ƙarfin barasa ne zai rufe ƙamshin, wannan ya fi damun ta 2017. In ta yi sanyi da yawa baurin ya ƙara kaifi. Kwalbar mililita 750 tana ba da kofi shida na 125. A ma'aji a kwantar da ita don murfin, wanda na ɓawon itace ne, ya zauna a jiƙe, wajen digiri 12 zuwa 14, nesa da murhu da haske. Ka shinshina kafin ka zuba: warin jiƙaƙƙen kwali alama ce murfin ya ɓata giyar, iska ba ta gyara wannan, sai a canza kwalba. Akwai kuma baƙon da zai ga launin ya yi fatsi-fatsi, gefen kofin ya ja zuwa ruwan goro, ya ce an ba shi mai rauni ko wadda ta lalace. Ka gaya masa haka Nebbiolo yake, ɓawonsa ba ya ba da launi mai duhu, ya ɗanɗana tukuna.