Kekunan Haya na Manyan Birane: Keken Ba Laifi, Tashar Ce Abin Dubawa

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Hukumar birni, ko kamfanin da ta ba kwangila, na kafa tashoshi a gefen titi, kowacce da jerin gurabe masu riƙe kekuna a kulle. Mutum ya yi rajista da katin banki ko manhajar waya, ya zari keke a nan, ya ajiye a can. Birnin Lyon na Faransa ya fara nasa a 2005, Paris ta biyo baya da Vélib' a 2007, sai Hangzhou ta Sin a 2008, Landan a 2010, New York a 2013. Rajistar nan ita ce ƙashin bayan tsarin. A 1965 an gwada sakin fararen kekuna a Amsterdam ba kulle ba rajista, ba a je ko'ina ba suka ɓace.

Keken kansa nauyi gare shi, ya haura kilo 20, kuma da gangan aka yi shi haka domin ya jure rana da ruwan sama da hannu da yawa. Yawanci giya uku ce a rufe cikin cibiyar tayar baya, sarƙar ma a rufe take don kada ta kama tufafi, fitilun gaba da baya kuma na kamawa da kansu da zarar taya ta juya. Ana ɗaga sirdi a sauke, amma ba ya fita, notuna ma ba irin waɗanda sufana ta gida ke kwancewa ba ne. Ba keken tsere ba ne, hawan tudu da shi sai an yi gumi. A tafiyar kilomita biyu zuwa huɗu dai ya wadatar.

Kafin ka zare, matsa tayoyin biyu da yatsa, ka kama birkin hagu da na dama, ka juya feda baya ka ji ko sarƙa na tsalle. A Paris mahaya sukan juya sirdin keken da ya lalace ya kalli baya, alama ga na bayansu. Wajen mayarwa kuwa nan aka fi yin kuskure: tura tayar gaba da ƙarfi cikin gurbi, ka tsaya sai koriyar fitila ta kama. In ka tafi ba ta kama ba, a wurin na'ura keken yana hannunka, lissafi kuma yana ta tafiya.

Yawancin tsare-tsaren na sanya minti 30 na farko cikin kuɗin rajista, bayan nan caji ya riƙa hawa. Dabara ce mai kyau, don tana hana mutum ɗaya riƙe keke wuni guda.

Inda gizo ke saƙa shi ne tasha. Da safe jama'a na kwarara wuri guda, daga unguwanni da tashoshin jirgin ƙasa zuwa yankin ofisoshi. Kafin ƙarfe tara tashar unguwa ta zama wayam, ta bakin ofis ta cika maƙil. Tashar da ba keke da sauƙi, sai ka nemi bas. Wadda ta cika ta fi ciwo, domin ga ka a ƙofar wurin aiki da keke a hannu, ba inda za ka kulle shi, lokaci na ƙurewa. Tashoshin kan tudu kuma kullum fanko, kowa na son gangarowa, ba mai son hawa. Maganin da ake yi guda uku ne: gurabe su ninka yawan kekuna kusan sau biyu, motoci su riƙa kwasar kekuna daga cikakkun tashoshi zuwa waɗanda suka ƙare, sannan tazara tsakanin tasha da tasha ta tsaya wajen mita 300, yadda Paris ta tsara tun farko, domin in wannan ta cika a gangara ta gaba cikin minti ɗaya. Paris ta kuma riƙa ba da kyautar ƙarin mintuna ga wanda ya kai keke tashar tudu. Birnin da ya warwatsa 'yan tashoshi kaɗan a faɗin gari don kowace unguwa ta samu rabo, ya yi asarar kuɗinsa.

To, tsarin yana jawo mutane ga keke? Yana yi, domin ya ɗauke manyan abubuwan da ke hana ɗan birni sayen nasa: tsoron ɓarawo, rashin wurin ajiya a bene, da wahalar faci da gyara. Ga kuma damar zuwa da keke a dawo da jirgi in hadari ya taso. Sai dai a faɗi gaskiya, akasarin masu hawan daga bas da tafiyar ƙasa suke fitowa, masu ajiye mota kaɗan ne. Kuma duk abin da ya hana a hau nan take yana kashe tsarin. Melbourne ta Ostareliya, inda hular kwano dole ce, ta buɗe nata a 2010 ta rufe a 2019. Na Seattle ta Amurka, mai tuddai da ƙarancin tashoshi da irin wannan doka a lokacin, daga 2014 zuwa 2017 kawai ya rayu. Kekunan da ba su da tasha, irin na kamfanonin Ofo da Mobike, sun kawar da matsalar cikar gurbi amma sun toshe hanyoyin masu tafiya a ƙasa, har aka tara su tuli-tuli a filayen biranen Sin. Masu lantarki sun sauƙaƙa tudu, illarsu batir da ke ƙarewa. Sabon mahayi kuwa ba zai kutsa tsakanin manyan motoci ba sai an keɓe masa hanya mai shinge, fenti a kan kwalta bai isa ba.

Ga mai tunanin rajistar shekara, ya fara buɗe taswirar manhajar na mako guda, da ƙarfe takwas na safe da biyar na yamma. In akwai kekuna kusa da gida da safe, da gurbi fanko kusa da wurin aiki, da wata tasha ta biyu a kowane ɓangare, ya biya. In babu, ya tsaya a tikitin yini.