Malam, nas ko likita: ƙofar da za a fara bugawa idan ɗan'uwa ya ce ya gaji da rayuwa

Shekara biyu ke nan da ɗan ƙanwata ya daina fita majalisa. Yaron da ba a dafa ataya a lungunsu na unguwar Nima a Accra sai da shi, sai ga shi kwance a ɗaki har azahar, kokon safe ya huce a kofi bai taɓa ba. Uwarsa ta ce sammu ne, abokansa suka ce rashin aiki ne. Hankalina bai tashi ba sai ran da ya miƙa wa ƙaninsa wayarsa da takalmin ƙwallonsa, ya kuma bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Bayan isha'i na zauna bakin katifarsa, na tambaye shi ba kwana-kwana ko yana tunanin kashe kansa. Ya daɗe yana kallon siminti, sannan ya ce, "Kawu, na gaji ne. Gani nake kowa zai huta idan ba ni."

Mutane na tsoron wannan tambaya, wai za ta sa wa mutum abin da babu a ransa. Ba ta sawa. Mai wannan tunani yawanci ba mutuwar yake so ba, zafin da ke cinsa ne yake so ya tsaya, kuma sau da yawa ciwon damuwa ne a ƙarƙashi, ciwo mai magani. Idan ya ce ya riga ya shirya yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa, to babu zancen zaɓe-zaɓe: kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da duk abin cutarwa daga ɗakin, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 112. Tsoron 'yan sanda ma ya kau. A watan Maris na 2023 majalisar dokokin Ghana ta gyara dokar laifuffuka ta 1960, ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffukan da ake gurfanar da mutum a kansu.

Idan da ɗan sarari, ga ƙofofin da ke gabanka.

Ta farko a zango ita ce ta malam, kuma ba ni da niyyar rufe ta. Malam yana kusa, yana jin harshenka, ba ya tambayar kati, sadaka kuma gwargwadon ƙarfinka. Wanda zuciyarsa ta ƙuntata yakan samu sauƙi da addu'a da tofi da zama kusa da dattijon da yake girmamawa. Amma malamai suna suka tara. Akwai wanda zai fara da wa'azin wuta, yaron da ke ganin kansa nauyi ne ga mutane ya ƙara tabbata cewa shi lalatacce ne. Akwai masu wuraren da ake ajiye marasa lafiya a sa musu mari, ko a hana su abinci da sunan korar aljanu, alhali hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta haramta irin wannan ɗauri tun 2017. Ma'aunina ɗaya ne: ka ce masa za ku je asibiti ma. Idan ya ce "Allah ya ba da lafiya, ku je," riƙe shi. Idan ya ce a zubar da maganin likita, ɗauki takalminka.

Ƙofar da na fi so a fara da ita, mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Asibitocin gwamnati na unguwanni da na gundumomi galibi suna da nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kana shiga ta ƙofar da mai zazzaɓi da mai awon ciki ke shiga, babu maƙwabcin da zai gane abin da ya kawo ka, a zango kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga budurwa ko matar aure. Nas ɗin zai zauna da mara lafiya, ya auna girman haɗarin, ya sa ranar dawowa, idan abin ya fi ƙarfinsa ya tura ku gaba da takarda. Nakasun shi ne layi, da kuma ƙarewar magani. Mu a inda muka je, sau biyu ana rubuta mana mu saya a waje. Ka je da katin inshorar lafiya mai rai, domin tun Nuwamban 2024 an sa ciwon damuwa da fargaba da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa biyu cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ke ɗauka.

Sai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa. Uku ne na gwamnati a ƙasar nan: na Accra da aka buɗe a 1906, wanda unguwar Asylum Down ta samo sunanta daga gare shi, da Pantang a kan hanyar Aburi, da Ankaful can kusa da Cape Coast. Asibitin koyarwa na Korle Bu a Accra na da sashen ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin Komfo Anokye ga mutanen Kumasi. Nan ne ake samun ƙwararrun likitoci da gadon kwantarwa, don haka nan ya dace da wanda tunanin ya matsa masa dare da rana, ko yake jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba, ko ƙwaya ta shiga cikin lamarin. Abin da ke hana mutanenmu zuwa suna ne kawai. A ce "an kai shi Pantang" ya ishi gulma ta shekara. Alhali mafi yawan masu zuwa ganin likita suke yi su hau trotro su koma gida a ranar.

Mai hali yana iya neman masanin halayyar ɗan Adam mai zaman kansa. Za ka samu sirri da lokaci, zama na kusan awa guda ana warware tunanin zare-zare, abin da layin asibitin gwamnati ba ya bari. Sai dai kowane zama da kuɗinsa, kuma zama ɗaya ba ya isa, ga shi ba ya rubuta magani. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, nemi ganin lasisinsa na Ghana Psychology Council, hukumar da ke ba masu wannan aiki izini, domin masu kiran kansu mashawarta a Facebook da TikTok sun yi yawa. Ka kuma tambaya da wane harshe za a yi maganar. Baƙin cikin da aka ji da Hausa yana da wuyar faɗa da Turanci.

Layin kyauta na hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa, 0800 678 678, na tsakar dare ne da lokacin da kunya ta hana fita. Yana kwantar da hankali ya nuna hanya, amma ba ya maye gurbin ganin ido da ido. Mai kemis da abokin da zai kawo taramol "don a manta" kuwa, ba sa cikin lissafi.

Duk inda kuka zaɓa, kada ku tashi sai kun ji amsar abu biyu: yaushe za mu dawo, wa za mu kira idan dare ya yi tsanani? Maganin damuwa irin su fluoxetine yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma makonnin farko su ne na sa ido sosai, musamman ga wanda bai kai shekara 25 ba. A nan iyalai ke karaya, su ce maganin bature bai yi ba. Ƙanwata ta kusa yin haka a kwana na goma. Muka yi yarjejeniya: ƙwayoyin na cikin akwatinta a kulle, ita ke ba shi ɗaya kowace safiya, rubutun malam kuma yana nan a kwanonsa bayan asuba. Katin asibitin na aljihuna, ran Alhamis ta farkon wata ni ke raka shi.